Jerin zaɓi a lokacin kunna tsohuwar kwamfuta mai DOS

Malam, ka tambaya ko akwai ƙaramar manhajar da za ta ba ka zaɓi da zarar ka kunna tsohuwar kwamfutarka, tunda wasu wasanni suna ƙin tashi saboda ƙarancin ƙwaƙwalwa. Idan tsarin gudanar da kwamfuta na MS-DOS 6.0, wanda ya fito a 1993, ko wani na bayansa ke kanta, ba sai ka nemo komai daga waje ba.

Ka buɗe CONFIG.SYS, wato fayil ɗin saituna da DOS ke karantawa idan kwamfuta na tashi, ka ƙirƙiri sashe mai suna menu, sannan ka rubuta layin menuitem ɗaya ga kowane zaɓi, misali na wasa da na aiki, kowane zaɓi kuma da nasa sashen a cikin fayil ɗin. A sashen wasa ka bar HIMEM.SYS kawai, wato fayil ɗin da ke kula da ƙarin ƙwaƙwalwa, ka cire direban faifan CD, wato ƙaramar manhajar da ke sa na'urar CD aiki, idan wasan ba ya bukatarsa, domin irin waɗannan direbobi ne ke cinye rabon kilobait 640 da DOS ke bai wa manhajoji. Layin menudefault kuwa shi ke zaɓa maka idan daƙiƙun da ka ƙayyade suka cika.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin umarnin da DOS ke bi bayan CONFIG.SYS, domin sai ka sa goto %config% kafin kowane zaɓi ya bi nasa umarnin. Ka tanadi faifan fulofi mai tayar da kwamfuta kafin ka taɓa fayilolin nan.