Birkina ya yi laushi a gangaren Aburi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Nissan 350Z mai giyar hannu. Ina gangarowa daga Aburi zuwa Ayi Mensah sai na ji birki ya yi laushi, fedar ta kusa taɓa ƙasa, amma da motar ta huce sai ya dawo daidai. Ga kuma giya ta biyu da safe sai da ƙarfi take shiga. Me zan iya yi a gida? Mai karatu daga Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Man birkinka ne ya tafasa, kuma kada ka sake hawa dutsen nan sai ka canza shi. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar ruwa daga iska, ga Accra bakin teku. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya sauka zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututun, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, shi ya sa ƙafarka ta nutse. Duk shekara 2 ake canza shi.

Sayi lita 1 na DOT 4 a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, ka tabbatar ba a taɓa buɗe murfin ba. Kada ka yarda da DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Zuƙe tsohon man daga tankin da sirinji, ka zuba sabo. Saka siririyar roba mai haske a bakin notin fitar da iska da ke jikin birkin tayar, ɗaya bakin cikin kwalba. Wani ya taka birki ya riƙe, ka sassauta notin, ka ɗaure kafin ya ɗaga ƙafa. Haka za ku yi ta yi har baƙin mai ya ƙare, ka ga garai-garai babu kumfa. Fara da tayar baya ta dama, sauran ka bi jerin littafin motar. In birkin ƙirar kamfanin Brembo ne, noti biyu ne a kowace taya, duka za ka yi. Kada tankin ya ƙafe kana cikin aiki, in ba haka ba iska ta shiga ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, aikin ya fi ƙarfin gida. Man nan yana cin fenti, in ya ɗiga wanke shi da ruwa nan take.

Tunda ka cire tayar, duba takalmin birkin. In kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3, canza na tayar dama da ta hagu tare.

Batun giya kuwa, sau da yawa tsohon mai ne ko wanda bai dace ba. Motarka man giya nau'in GL-4 75W-85 take so, kusan lita 3. Wasu kan ɗura GL-5 na difaren, ya yi wa zoben tagullar da ke daidaita giya illa. Ɗan zaga da motar man ya yi ɗumi, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu ta daidaita, ba a kan jak kaɗai ba. Fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don in ya cije bayan ka zubar da man, ka shiga uku. Ɗura da famfon hannu har ya fara ɗigowa daga ramin.

Ka dubi tsohon man a rana. Toka-tokar laka a jikin notin ba komai ba ce, amma in ka ga ƙyalli kamar garin zinariya ko gutsattsarin ƙarfe, kai ta wurin makanike mai aikin giya.