Ta yaya zan gane likitan fisiyo (mai motsa gaɓoɓi) na gaskiya?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ka ce ɓarin jikinta ya shanye, kuma kana shakkar wanda ke zuwa motsa mata gaɓoɓi.

Fara da lasisi. Digiri kaɗai bai isa ba, sai hukumar ƙasar ta yi masa rajista. A Birtaniya HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, ke yin wannan. A Amurka kuwa sai ya ci jarrabawar ƙasa ta likitocin fisiyo, wato NPTE, kafin jiharsa ta ba shi lasisi. Karɓi lambar lasisinsa ka bincika a wurin hukumar, domin lasisi yana ƙarewa.

Sannan ka tambaye shi ko ya saba duba masu shanyewar jiki, don kowa da fanninsa. Mutane da yawa suna ɗaukar mai tausa a matsayin likita, abin yana damuna. Idan ka ga ƙarfin jikin Mama ya ƙara raguwa ko harshenta ya karye, garzaya asibiti nan take.