Kowace Janairu sai in ce zan ninka jari, amma shagon yana nan jiya i yau

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Tawa: shinkafa, sukari, mai, taliya, madara, sabulu. Cinikin yini yakan kai jika 60 (sefa dubu 60), jarina kuma ina jin zai yi miliyan 2. Duk farkon shekara nakan ɗaura niyyar ninka shi, in buɗe shago na biyu a Yamai, in fara tarin kuɗin Hajji. Shekara sai ta ƙare ban ga ko ɗaya ba, kuma ban san inda kuɗin ke shiga ba. Wane irin buri ya kamata in sa wa kaina bana?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma kira mu ɗakinsa. Kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarka ita ce "ina jin". Kana jin jarin zai yi miliyan 2. Mutum ba ya ninka abin da bai ƙirga ba, don ko ya ninka ɗin ba zai sani ba. Saboda haka kafin maganar buri, mu zauna mu yi lissafi da alƙaluman da ka bayar.

Ba ka faɗi ribarka ba, to mu ce a kowace jika 10 ta ciniki kana cin jika 1. A kayan masarufi wannan ma kyautata zato ne, don buhun shinkafa ko kwalin sukari ba su barin haka, ƙananan kaya irin su sabulu da magi ne ke rufa asiri. Jika 60 a yini ta ba ka jika 6, a wata jika 180. Mu ce cefanen gida yana cin jika 4 kullum, 120 ke nan sun tafi. Haya mu sa 25, wuta 10, yaron shago 15. Abin da ya rage jika 10 ne a wata, in ba wanda ya yi ciwo, ba biki, ba suna, ba patanti (harajin shago). Ninka miliyan 2 cikin wata 12 kuwa yana nufin a ajiye kusan jika 167 kowane wata ba a taɓa ba. Ka ga tazarar. Ba ragwanci ne ya hana ka cika alkawarin bara ba, lissafin ne tun farko bai hau ba.

Akwai kuma abin da ba ya hannunka. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan buhu. Kayan da ke shigowa ta Illela da Ƙonni kuma farashinsu yana rawa da naira. Ba kai ke yanke waɗannan ba. Burin da aka jingina da yawan ciniki yana jingine ne da iyaka da canji da damina. Wanda nake so ka ɗauka shi ne wanda hannunka ke yi: abin da kake cirewa daga aljihun tebur, abin da kake bayarwa bashi, abin da kake ajiyewa.

Ka zaɓi rana ɗaya a cikin wannan watan, ka rufe ƙofar shago bayan Isha'i, ka ɗauki kaye sabo, wato littafin rubutu, kai da yaronka ku ƙirga komai. Buhu buhu, jarka jarka, har gwangwanayen tumatir ɗin da suka yi tsatsa a bayan kanta da taliyar da ɓera ya huda. Kowane kaya a rubuta shi da kuɗin da ka sare shi, ba kuɗin da kake fatan sayarwa ba, wanda ya lalace kuma a ja masa layi. Ka haɗa da tsabar da ke hannu da wadda ke cikin waya, ka cire abin da masu sari ke bin ka. Abin da ya fito shi ne jarinka. Yawanci yakan fito ƙasa da yadda zuciya ke faɗa, kuma daren ba ya daɗi. Wannan ƙidayar za ta yi maka amfani biyu, don ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa ne sau ɗaya a shekara ya fitar da ɗaya bisa arba'in in ta kai nisabi. Shekarar zakka dai ta wata ce, ka bar wa malaminka ya tsayar maka da ranar.

Sai kayen bashi, inda nake zaton mafi yawan kuɗinka ke kwana. A Tawa kowa ya san yadda abin yake. Maigida ya tafi bida Abijan ko Libiya, iyali suna ɗaukar shinkafa da mai "sai an aiko". Ma'aikaci yana ɗauka sai ƙarshen wata. Maƙwabci ya turo yaro da kwano, ba za ka iya mayar da shi ba. Ba zan ce ka daina ba, shagon unguwa da ba ya ba da bashi ba ya daɗewa, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ka raba sunayen gida uku: masu biya a kan lokaci, masu biya sai an bi su, da waɗanda kai ma ka san ba za su biya ba. Na ukun ka fitar da su daga lissafin jari gaba ɗaya, in ka yafe ka yafe don Allah, ka daina ruɗin kanka cewa kuɗi ne. Na biyun su ne aikin bana. Ka sa wa kowane gida iyaka, misali jika 15, in an kai nan sai an rage kafin a sake ɗauka. Ka faɗa wa maigidan da bakinka ta waya, kada ka bar matarsa ta ji a gaban mutane. Da yawansu in ka nemi su turo kason shago kai tsaye da sunanka ta kamfanin tura kuɗi irin Nita ko Al Izza, a ranar da suke aika na gida, za su yarda, har ma ya zame musu sauƙi.

Bayan bashi, ka yanka wa kanka albashi. Na san maganar tana ba 'yan kasuwarmu dariya, wai mai shago ya biya kansa. Amma hannun da ke shiga aljihun tebur sau goma a yini, dala ɗari (rabin jika) na ƙosai, jika ɗaya na mai a babur, jika biyu na baƙon da ya zo daga ƙauye, shi ne ɓarawon da ba a kamawa. Ka tsayar da adadi, ka cire shi sau ɗaya da safe, ka sa a wani aljihu daban. Tiyar shinkafar da aka kai gida ma a rubuta ta kamar ta kowa. In na yini ya ƙare kafin dare, ka rubuta abin da ka ƙara da dalilinsa. Wata biyu kawai za ka yi a haka ka ga amsar tambayarka ta inda kuɗin ke shiga.

Sannan ka daina kallon shekara kamar watanni goma sha biyu masu kama da juna. Azumi yana zuwa da wuri da kwana kusan 11 kowace shekara, kuma shi ne lokacin sukari da madara da mai, wanda ya shige shi da kanta a cike ya ci kasuwa, wanda ya je sari bayan an ga wata ya saya da tsada. Kwana kamar 70 bayan ƙaramar salla ga layya. Cikin damina aljihun mutane ya bushe, bashi ya yi yawa. Oktoba yara su koma lakwal. Duk waɗannan an san da zuwansu, amma kullum daga jari ake yankar musu. Ragon jika 90, in ka fara da sauran wata shida, dala ɗari ce kullum a asusu. In kana adashe, ka roƙi kwasarka ta faɗo wata guda kafin azumi, ta shiga sari kai tsaye. Adashe ba ya haihuwa, amfaninsa yana hana hannu taɓawa, shi ya sa wanda ya kwasa a lokacin da ba shi da abin yi da kuɗin yakan wayi gari sun narke.

To ga abin da zan so ka rubuta a shafin farko na kayen, bayan ka yi ƙidaya: bashin da ke waje zai ragu da rabi kafin layya, ba za a cire wa gida fiye da adadin da aka tsayar ba, kuma jika 1 za ta shiga ajiya kowane dare kafin a kulle. Jika 1 a yini ta haura jika 360 a shekara. In rufe ɓarakar bashi da ta aljihu ba ta samar da ita ba, ka sauko zuwa dala ɗari, ba abin kunya ba ne. Ranar farko ta kowane wata ka duba ukun nan, bayan wata uku ka sake ƙirga kaya.

Kuɗin Hajji ka ba shi wurinsa daban, inda ciro shi zai sa ka yi tafiya da bin layi, kada ya zauna a wayar da kake sari da ita. Shagon Yamai kuwa ka bar shi bana. Tsakaninka da shi fiye da kilomita 500 ne, hayar can ba irin ta Tawa ba ce, kuma ba ka gaya mini wa zai zauna a ciki ba. In ƙane ne ko ɗan ɗaki, zai tafi da tsarin da ya gani a wurinka, na aljihun tebur a buɗe. Ka yi ƙidayar farko da ta wata uku, ka aiko mini da alƙaluman biyu, sai mu duba ko shago na biyu ne ya dace ko ƙara layin sari a wanda kake ciki.