Tambaya Da Amsa: Gam ɗin da ba shi da hoton ƙoƙon kai, shi ke nan ba ya illa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai aikin haɗa takalma nake a wata masana'anta, shekarata uku kenan, kuma ni ne a teburin shafa gam tun safe har yamma. Gwangwanin gam ɗin da muke aiki da shi akwai hotuna uku a jiki, ɗaya wuta, ɗaya alamar motsin rai, ɗayan kuma wani mutum ne da abu kamar tauraro ya fashe masa a ƙirji, sai wasu lambobi a ƙasa H225, H336, H361 da H373. Na tambayi oganmu sai yace min tunda babu hoton ƙoƙon kai ai ba guba bane, in ci gaba da aikina kawai. Toh ni kuma kwanan nan yatsun ƙafata sagewa suke, wani lokacin kamar ana tsira min allura, kuma kusan kullum da ciwon kai nake tashi daga aiki. Dan Allah maganar oga gaskiya ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Oganka ya faɗi rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya bari a baya shi ne wanda ya shafe ka.

Waɗannan hotunan ba kwalliya kamfani ya yi wa gwangwani ba. Tsari ne da ake kira GHS wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a ƙarshen shekarar 2002, aka fitar da littafinsa na farko a 2003, kuma duk bayan shekara biyu ana sabunta shi. Kafin nan kowace ƙasa da nata alamomin, sinadari ɗaya sai a kira shi guba a nan, a can kuma a ce ba komai. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka a 2008, Amurka ta shigar da shi dokar wuraren aiki a 2012. Hotunan guda tara ne gaba ɗaya, kowanne baƙin zane a kan fari an zagaye shi da jan layi, murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa. Sai kalma ɗaya a kusa da su, ko dai Danger in haɗarin babba ne ko Warning in bai kai nan ba.

Shi hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu aikinsa guda ɗaya ne tak, yana gaya maka abin nan in ka sha ko ka shaƙa ko ya taɓa fatarka sau ɗaya, ɗan kaɗan ma, zai iya kashe ka nan kusa. Ana auna shi da yawan da zai kashe rabin dabbobin gwaji, galibi ɓeraye. Misali in ta baki aka sha, in miligiram 5 ko ƙasa da haka a kowane kilo na nauyin jiki ya isa, toh wannan aji na 1 ne, zuwa 50 aji na 2, zuwa 300 aji na 3, waɗannan ukun su ke samun ƙoƙon kai. Daga 300 zuwa 2000 aji na 4 ne, shi alamar motsin rai kawai ake sa masa. Kaga kenan rashin ƙoƙon kai abin da yake nufi shi ne gam ɗin ba zai kada ka yau ba in an yi amfani da shi yadda aka saba. Bai ce komai ba game da mutumin da ya shekara uku hancinsa na kan gwangwani.

Wancan mutumin mai tauraro a ƙirji shi ne naka. Shi ake sa wa sinadaran da ke kisan mummuƙe, masu jawo kansa, masu taɓa haihuwa ko ɗan tayi, masu haddasa asma, masu cin wata gaɓa a hankali, da masu haɗari in sun sauka cikin huhu ta hanyar shaƙewa ko amai. Ni a ganina ga ma'aikaci wannan hoton ya fi ƙoƙon kai abin tsoro, don mai ƙoƙon kai kowa na kaffa-kaffa da shi, wannan kuwa an mayar da shi abokin zama.

Lambobin kuma ba wuya. Wadda ta fara da H2 galibi maganar wuta ko fashewa ce, H3 lafiyar jiki, H4 muhalli. H225 na nufin ruwan da tururinsa suna kama wuta sosai. H336 yana sa jiri da gyangyaɗi, ga ciwon kanka nan an rubuta maka shi tun daga kamfani. H361 ana zargin yana illa ga haihuwa ko ga jaririn da ke ciki, in ka ga ƙaramar f a bayanta haihuwa ake nufi, in d ce ɗan tayi. H373 kuma zai iya lalata wata gaɓa in aka daɗe ana cuɗanya da shi. Akwai bambanci tsakanin lamba da 'yar'uwarta da ya kamata mutum ya sani, H350 na nufin yana iya jawo kansa kuma hujja ta yi ƙarfi, H351 zargi ne, haka H360 da H361, haka H372 da H373. Amma kar kalmar zargi ta sa ka saki jiki, ana nufin an ga alama sai dai hujjar bata kai ta aji na farko ba, ba wai an wanke shi bane.

Irin wannan gam na takalma, wanda ake shafawa a ɓangare biyu a jira ya sha iska sannan a manne, roba ce aka narkar a cikin sinadarai masu saurin tashi, kuma su ne suka fi yawa a gwangwanin. Jiran nan da kake gam ya sha iska, abin da ke faruwa shi ne sinadaran suna barin takalmin suna shiga ɗakin, wato suna shiga jikinka. Biyu daga cikinsu sun yi suna, toluwin da hekzen, a jikin takarda zaka ga an rubuta toluene da n-hexane. Toluwin ƙwaƙwalwa yake bi, shi ne mai sa maye, kuma shi ke ɗauke da H361d. Hekzen kuwa in ya shiga jiki hanta tana juya shi ya koma wani sinadari da ke lalata dogayen jijiyoyi, shi ya sa abin ke farawa daga can nesa, yatsun ƙafa da na hannu, dama da hagu lokaci ɗaya, sagewa tukuna sannan rauni, har mutum ya fara jan ƙafa ko abu ya riƙa suɓuce masa daga hannu. Ba sabon labari bane, a shekarun 1960 an ga haka a Japan wurin masu haɗa silifas a cikin gidajensu, an kuma gani a Italiya wurin masu takalma. In an haɗa hekzen da wani sinadari da ake kira MEK illar tasa ƙaruwa take. Kafin su kuma akwai benzene, wanda wani likita a Istambul, Muzaffer Aksoy, ya bibiyi masu takalma da ke aiki da gam ɗinsa a shekarun 1970 ya nuna yadda sankarar jini ta yi yawa a cikinsu. Yau hukumar binciken kansa ta duniya IARC ta sa shi a rukuni na 1, wato waɗanda aka tabbatar suna jawo wa mutum kansa, kuma a tsarin GHS sinadari mai jawo kansa na aji na 1 in ya kai kashi 0.1 cikin ɗari na haɗin, dole gam ɗin gaba ɗaya ya ɗauki wannan hukuncin.

Ba daga shafin mujalla ake gano ciwo ba, ciwon suga ma na sa sagewar ƙafa, ƙarancin bitamin B12 ma haka. Amma ruwa ba ya tsami banza, shekara uku a teburin gam ga H373 ga ƙafa na sagewa, wallahi ka je asibiti a satin nan, kuma ka ɗauki hoton gwangwanin gaba da baya a wayarka ka nuna wa likita, ka gaya masa aikinka tun kafin ya tambaya. Sannan ka nemi takardar bayanan kariya ta gam ɗin, SDS ake ce mata, kamfanin da ya yi gam shi ke fitar da ita kuma yawanci in ka rubuta sunan gam ɗin a intanet zaka samu. Sashe 16 gare ta, kai dai ka duba na 2 rabe-raben haɗari, na 3 sunayen sinadaran da ke ciki, na 8 kayan kariya. In ka ga hekzen a sashe na 3 toh ka nemi a ɗauke ka daga teburin nan har likita ya gama bincike. Wani abu da ke rikita mutane, ciwon jijiyar hekzen yakan ci gaba da tsananta na wasu makonni zuwa 'yan watanni bayan an daina shaƙa sannan ya fara sauƙi a hankali, kar wani ya ce maka ai gashi ka bar gam baka warke ba ashe ba shi bane.

Maganar kariya kuma, takunkumin kyalle ko na asibiti ko na ƙura duk ba sa tare tururin nan, wucewa yake kamar babu komai, sai mai gwangwanin gawayi da aka yi don tururin sinadarai kuma shi ma gawayin cika yake sai an canza. Abin da ya fi takunkumi shi ne iska ta riƙa jan tururin daga kan tebur tana fitar da shi waje, ba fanka da ke juya shi cikin ɗaki ba, kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana bin daɓe har ya tarar da wuta can nesa. A rufe gwangwani in ba a ɗiba, a shafa da buroshi ba da yatsa ba, kar a wanke hannu da tina ko fetur. Kuma kar ka yarda da hancinka, in ka daina jin warin ba tafiya ya yi ba, hancin ne ya gaji. Akwai gam na ruwa da wanda babu hekzen a ciki, in oga na da niyya canzawa ya fi komai.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni a wurin haɗa kujeru da ƙofofi nake aiki, muna amfani da gam mai kashi biyu da ake cakuɗawa da kuma wani mai kumfa. Da can lafiya lau nake, yanzu ko ɗan ɗigo ya taɓa ni sai hannuna ya yi ja da ƙaiƙayi, da dare kuma ƙirjina na yin fito. Abokan aikina su ba abin da yake musu, me ya sa sai ni?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, sannu. Ki duba kwalaben ko zaki ga H317 da H334. Mai kashi biyun in ifoksi ne, wanda ake rubutawa epoxy, galibi yana da H317, wato yana sa fata ta tsane shi, ɓangaren da ke busar da shi kuma wasu har H314 gare su, ƙona fata da ido. Mai kumfan in foliyuritan ne, wanda ake rubutawa polyurethane, akwai sinadaran aisosayanet a ciki irin su MDI, masu H334, wato masu tayar da asma in an shaƙa, kuma suna cikin manyan masu jawo asmar wurin aiki a duniya, har Tarayyar Turai ta wajabta tun 24 ga Agustan 2023 cewa sai ma'aikaci ya samu horo kafin ya taɓa kayan da ke da su sama da kashi 0.1 cikin ɗari.

Wannan ajin daban yake da na mai tambayar farko. A can yawan abin da ka shaƙa ne ke taruwa, a nan garkuwar jiki ce ke riƙe sinadarin a matsayin maƙiyi, wani jikin ya riƙe wani bai riƙe ba, wata ta yi shekaru lafiya sannan rana ɗaya abin ya tashi. Shi ya sa abokan aikinki suke garau. In har ya kama, yawanci ya zauna kenan, ɗan mitsitsin da bai kai a ji warinsa ba ya isa ya tayar da shi, kuma fiton da ke zuwa da dare bayan an tashi aiki halinsa ne. Ki lura ko kina samun sauƙi a ranakun hutu, ki rubuta, ki kai wa likita. In ya tabbatar toh safar hannu ba zata wadatar ba, rabuwa da gam ɗin ne mafita, kuma wadda ta rabu da wuri ta fi samun huhunta ya dawo daidai. In numfashi ya sarƙe miki sosai kar ki jira gari ya waye.

TAMBAYA: Malam shi kuma sufa gulu fa? Naga alamar motsin rai kawai a jikinsa.

AMSA: Eh, H315, H319 da H335 gare shi, yana damun fata da ido da maƙogwaro. Babban haɗarinsa manne fata da fatar ido cikin daƙiƙu, don danshi ne ke busar da shi. In ya manne yatsu kar a fizge, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu a riƙa murzawa a hankali. In ido ne a wanke da ruwan ɗumi, kar a ɓamɓare da ƙarfi, kar a kusantar da asiton, wato ruwan goge jan farce, a tafi asibiti. Kuma kar a goge wanda ya zube da auduga ko a sa safar auduga ana aiki da shi, in ya jiƙa auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona fata.