An ce in sallami makanikai saboda "tsarin Toyota": haka abin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ma'aikata a wata masana'antar roba a Sharaɗa, Kano. Mai kamfanin ya ɗauko wani mai ba da shawara, ya ce mu bi tsarin Toyota: kada mu riƙe ma'aikacin da ba ma buƙata yau, in oda ta zo sai mu kira 'yan kwantiragi. An ce in kawo sunayen waɗanda za a sallama, har da makanikai biyu. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dole hankalinka ya tashi.

Asalin tunanin yana da tushe. A 2008 Farfesa Peter Cappelli na makarantar Wharton a Amurka ya kawo shawarar kamfani ya riƙa auna wane gwani zai horar a gida, wane zai ɗauko daga waje, yadda masana'anta ke zaɓar abin da za ta ƙera da wanda za ta saya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yawo da kwamfuta kamfani-kamfani sun mayar da ilimin nan gaba ɗaya "a rage mutane". Kullum sai na ci karo da wannan. Su kan ambaci Toyota, amma ba sa faɗin cewa tsarinta na rashin tara kaya sai lokacin da ake buƙatarsu ya dogara ne kan sanin tsawon lokacin da kowane kaya ke ɗauka kafin ya iso. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, Toyota ta lura ƙananan na'urorin lantarki na cikin mota suna ɗaukar watanni kafin a samu, sai ta sa masu kawo mata su riƙa tanadin na wata biyu zuwa shida. Da ƙarancinsu ya zo a 2021, ta fi takwarorinta jurewa a farkon lamarin. Wato abin da ke wuyar samu, ita kanta ajiye shi take yi.

To, makanikenka fa? Mai loda buhu za ka same shi gobe a bakin get, cikin mako ya iya aikin. Amma wanda ke jin ƙarar injin ya canza ya ce "kashe, hita ta fara mutuwa" kafin roba ta ƙone a cikin mazubi, shekaru ya yi kafin kunnensa ya kai nan. Ranar da ka sallame shi, kamfanin da ke kusa da ku zai ɗauke shi, kuma ba zai dawo don oda ta zo muku ba.

Filayen jiragen Turai sun ɗanɗana wannan. An rage ma'aikata lokacin korona, da matafiya suka dawo aka rasa masu duba kaya da masu lodi, ga tantance sabon ma'aikaci yana cin makonni. A Yulin 2022 sai da Heathrow na Landan ya ƙayyade fasinjoji masu tashi zuwa 100,000 a rana.

Kafin ka miƙa sunaye, rubuta kowane aiki, a gabansa ka sa watannin da sabon mutum zai yi kafin ya iya shi ba tare da an tsaya a kansa ba. Na mako ɗaya ko biyu, a iya kiran 'yan kwantiragi, da takarda a rubuce da biya kan lokaci. Na shekara zuwa sama, a riƙe mai shi, a kuma haɗa shi da yaro yana koyo. In kuna biyan kashi 1 cikin ɗari na albashi ga ITF, wato asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, ku nemi a mayar muku da wani ɓangare na kuɗin horon. Sannan ka roƙi Alhaji mai kamfanin ya sa mai shawarar ya rubuta nawa za a yi asara in injin ɗaya ya kwana uku a tsaye, ya sa hannu a ƙasa.