Gas, lantarki, ko a zauna a kan fetur? Amsa ga mai motocin dakon kaya

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kaya a sari ya rubuto yana cewa yana da motoci huɗu masu amfani da fetur da suke kai wa abokan cinikinsa kaya, kuma kuɗin mai ya fara cinye masa riba. Ya ce duk inda 'yan kasuwa da direbobi suka zauna, gardamar ɗaya ce: wasu na cewa zamanin fetur ya ƙare, iskar gas ce mafita, wasu na cewa gas ma na ɗan lokaci ne, gara a jira motoci masu lantarki a riƙa cajinsu da hasken rana, wasu kuma na ganin duk dabarar masu neman sayar da kayansu ce. Yana da 'yan kuɗin da ya tara, yana tambaya ko ya juya motocin duka zuwa gas, ko ya sayar da su ya sayi masu lantarki, ko kuwa ya karɓi tayin wani abokinsa na su haɗa jari su buɗe wurin cajin ababen hawa.

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kowane ɓangare na masu wannan gardama yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma abin da suke ja-in-ja a kansa shi ne man da duniya za ta yi amfani da shi nan da shekara talatin, kai kuwa kuɗinka amsar shekara biyu zuwa uku suke bukata. Duniya tana shan ɗanyen mai kusan ganga miliyan 100 kowace rana, fiye da rabinsa a harkar sufuri, kuma akwai motoci sama da biliyan ɗaya a kan tituna, waɗanda kowacce kan yi shekara 15 zuwa 20 tana aiki. Saboda haka motocinka za su tsufa su mutu fetur yana nan a gidajen mai. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne yadda farashinsa ke hawa da sauka ba sallama. A watan Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da dala 40. A tsakiyar 2014 tana sama da dala 100, a watan Janairun 2016 ta koma ƙasa da 30. Duk wanda ya sauya mai domin ya rage kashe kuɗi, ribarsa ita ce tazarar da ke tsakanin farashi biyu, kuma wannan tazara tana iya buɗewa, tana iya tsukewa.

Lissafin da za ka fara yi ba shi da wuya, kuma na fi son ka yi shi da litoci maimakon kuɗi, domin kada sauyin farashi ya rikita shi. A matsayin misali kawai, mu ɗauka motarka ɗaya tana shan lita 20 a rana, tana aiki kwana 26 a wata, wato lita 520. Idan gas zai rage maka rabin abin da kake kashewa, rarar da za ka samu a wata daidai take da kuɗin lita 260. Idan kuma juya motar zai ci kuɗin da ya kai na lita 1,300, cikin wata biyar ka mayar da uwar kuɗinka. Maƙwabcinka da ke shan lita uku a rana zuwa wurin aiki, shi sai ya haura shekara biyu kafin ya mayar da nasa, alhali aiki iri ɗaya aka yi muku a gareji ɗaya. Wannan ne ya sa mutum biyu masu gaskiya kan yi ta musu, ɗaya yana rantsuwa ya ci riba, ɗayan yana rantsuwa asara ce. Bayan ka gama, ka sake lissafin da tunanin cewa tazarar farashin ta ragu da rabi. Idan har a hakan kuɗinka za su dawo cikin shekara guda, harka ce mai kyau. Idan kuwa sai komai ya tafi daidai kafin ta yi riba, to ka dakata.

Akwai abin da wannan lissafi ba ya nunawa, kuma shi ne ya fi karya mutane a ƙasashen da suka riga mu gwadawa. Bayan rikicin mai na 1973, Brazil ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975 domin tuƙa motoci da man itanol da ake tacewa daga rake. Shirin ya karɓu ƙwarai, har a tsakiyar shekarun 1980 kusan tara cikin goma na sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar itanol zalla suke sha. Daga baya farashin ɗanyen mai ya faɗi, sukari ya yi tsada a kasuwar duniya, masana'antu suka gwammace su yi sukari, gwamnati kuma ta rage tallafi. A 1989 da 1990 masu waɗannan motoci suka shiga dogayen layuka ba mai, motocinsu kuma suka rasa daraja a kasuwar na hannu. Itanol bai farfaɗo ba sai a 2003, lokacin da aka fito da motoci masu iya shan fetur ko itanol ko gaurayensu. Tun daga nan direba a Brazil yana da ƙa'idar da yake bi a bakin famfo: idan farashin itanol bai kai kashi 70 cikin ɗari na farashin fetur ba, ya sha itanol, idan ya haura ya koma fetur, saboda litar itanol ba ta kai ta fetur nisan tafiya.

Labarin Pakistan ya fi kusa da tambayarka. Gwamnatin ƙasar ta ƙarfafa amfani da CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya domin tuƙa mota, ta hanyar sauƙaƙa farashinta, har zuwa wajajen 2011 aka samu ababen hawa kusan miliyan uku da gidajen gas sama da 3,000. Sai gas ɗin da ƙasar ke haƙowa ya kasa wadatar da gidaje da masana'antu da tashoshin lantarki da motoci a lokaci guda, kuma da aka zo rabo, motoci ne a ƙarshen layi. Aka riƙa rufe gidajen gas wasu ranakun mako, a lardin Punjab ma har tsawon watanni a lokacin sanyi. Masu motocin da suka bar tankin fetur ɗinsu sun ji jiki amma sun ci gaba da aiki. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu gidajen gas da suka ci bashi suka gina. A birnin Delhi na Indiya kuwa, inda Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 1998 cewa motocin bas da na haya su koma CNG, an sha dogayen layuka a farko, amma da aka ƙara bututu da gidajen gas tsarin ya zauna, yana nan har yau. Injin da gas ɗin duk iri ɗaya ne a wuraren biyu. Wadatar kaya da tsayuwar hukuma a kan magana ɗaya ne suka bambanta su. Don haka kafin ka tambayi nawa ake juya mota, ka tambayi gidajen gas nawa ne a kan hanyoyin da motocinka suke bi, ko ta bututu gas ke zuwa musu ko da tirela ake kawowa, sannan ko arahar da ake gani ta kasuwa ce ko tallafi ne da za a iya janyewa da sanarwa guda.

Idan amsoshin sun gamsar da kai, ga abin da za ka tarar a gareji. Tukunyar CNG ta ƙarfe mai matsakaicin girma tana da nauyin kilo 60 zuwa 70, tana cin wuri a bayan mota, kuma abin da take ɗauka bai wuce kwatankwacin lita 13 zuwa 15 na fetur ba, wato tafiyar kilomita 150 zuwa 200 a ƙaramar mota. Ga mai dakon kaya wannan nauyi da wurin lodi ne ya ragu, kuma injin kan ɗan rasa ƙarfi, abin da direba zai ji a kan hawa idan ya yi lodi. Ana cusa gas ɗin da matsin da ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar mota, shi ya sa tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda ba ta da wuri a wannan aiki ko kusa. Yawancin fashewar da ake ji daga irinsu take fitowa. Ka tsaya da kanka ka karanta abin da aka buga a wuyan tukunyar: ranar ƙira, matsin da aka gwada ta da shi, da ranar da wa'adinta zai ƙare. Ka kuma tabbatar an bar tankin fetur da maɓallin sauyawa, kada bakanike ya rinjaye ka a cire shi don rage nauyi, domin wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Da motocinka masu dizal ne da na ba ka wata shawara dabam, saboda injin dizal ba shi da fulogi, juya shi ya fi tsada kuma galibi wani kaso na man kawai gas ke maye.

Game da lantarki, masu cewa nan duniya ta nufa ba su yi ƙarya ba. Farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yanzu, farantan sola ma haka, kuma injin lantarki yana mayar da mafi yawan wutar da ya sha ta zama tafiya, alhali injin fetur yana zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na ƙarfin mai a matsayin zafi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. A 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a Norway masu lantarki ne, a China kuma wajen rabi ne ake iya jonawa da wuta, Habasha ma ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur da dizal a shekarar ta 2024. Sai dai ka lura da abin da ke bayan kowanne: Norway tana da wutar madatsun ruwa mai yawa kuma ta yafe wa motocin haraji, China ita ke ƙera batiran, Habasha kuma ta gina katafariyar madatsa a kan Kogin Nilu. Wanda wutar unguwarsa ba ta tsayawa, idan ya sayi motar lantarki zai iya ƙarewa da caja ta da janareta, ya koma sayen man da ya gudu daga gare shi.

Maganar caji da hasken rana kuma tana bukatar alƙalami. Ƙaramar motar lantarki tana cin wutar yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, farantin sola mai ƙarfin wat 500 kuwa yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini a wuri mai rana sosai. Motar da ke yin kilomita 200 a rana tana bukatar faranti 15 ko fiye ita kaɗai, kuma a daidai lokacin da rana ke bugawa motar tana kan hanya tana nema, sai an ƙara wani babban batir da zai ajiye wutar zuwa dare. Lissafin yana sauyawa gaba ɗaya idan aka zo kan babur da mai ƙafa uku, waɗanda wutar da suke ci ba ta kai ko kusa da wannan ba, batirinsu kuma mutum ɗaya zai iya cire shi ya sa wani cikin minti biyu. Idan kana da kayan da ake rarrabawa a cikin gari a gajeren zango, nan ne lantarki ya riga ya fara doke fetur. Sayar da motoci huɗu masu aiki domin sayen manyan motocin lantarki kuwa ban goyi bayansa ba a yanzu, musamman na hannu, tunda batir shi ne kaso mafi tsada a jikin motar, kuma lafiyarsa ba ta ganuwa da ido ko da ƙwanƙwasa bodi.

Idan wani ya zo maka da batun noman tsiron da za a tatsi man mota daga gare shi, ka tuna da bini-da-zugu. A tsakiyar shekarun 2000 an zuba kuɗi masu yawa a gonakinsa a Indiya da Tanzaniya da Mozambik bisa cewa yana fitowa a ƙasa marar kyau. Yana fitowa kam, amma ba ya ba da 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki, kuma yawancin kamfanonin sun watse.

Saura tayin abokinka. Wurin caji ko gidan gas kasuwanci ne na wanda zai iya jira, domin ana kashe kuɗin duka a rana ta farko, masu saye kuma suna zuwa a hankali. Kamfanin Better Place ya tara sama da dala miliyan 800 ya gina tashoshin musayar batirin motoci a Isra'ila da Denmark, ya durƙushe a 2013 saboda motocin da za su yi amfani da tashoshin ba su taru ba. Kamfanin Gogoro a Taiwan, wanda ya fara musayar batirin babura a 2015, ya samu karɓuwa saboda ya kama babura a birane masu cunkoso, yana sayar da babur ɗin, mai shi kuma yana biyan kuɗi duk wata yana musayar batir a tashoshin kamfanin. Ka tambayi abokinka ababen hawa nawa ne za su zo caji a makon farko, kuma ko akwai yarjejeniya a rubuce da wata ƙungiyar masu babura ko kamfanin rarraba kaya. Idan amsarsa ita ce mutane za su zo idan sun ga an buɗe, kada ka sa kuɗin da kake juya kaya da su. Da a ce sha'awarka shiga wannan harka ce da ƙaramin jari, da sayar da kayan gyara da horar da yaro ɗaya ya ƙware a gyaran na'urorin gas ko babura masu batir sun fi aminci, domin ko wane mai ya yi rinjaye, abin hawa sai ya lalace.

Shawarata ita ce ka juya mota ɗaya tak, wadda ta fi sauran zirga-zirga kuma hanyarta ta ratsa gidajen gas biyu aƙalla, ka biya daga aljihunka ba da bashi ba. Ka ba direban littafi ya riƙa rubuta lambar kilomita da safe da yamma, abin da ya sha na gas da na fetur, da mintocin da ya ɓata a layi, domin awa biyu a layi sawu guda ne na kaya da ba a kai ba, kuma dole ya shiga lissafi. Ka sanar da kamfanin inshorarka cewa an yi wa motar wannan aiki, ka ajiye takardar shaidar tukunyar tare da takardun mota. Ka kuma yanka wa direban wani kaso daga rarar da aka samu, saboda idan bai ga amfaninsa ba zai riƙa danna maɓallin fetur don ya guje wa layi, littafin kuma ya nuna maka cewa gas ba ya biya. Bayan wata uku zuwa huɗu sai ka ɗora littafinsa kusa da na sauran motocin uku, ka yanke hukunci a kan mota ta biyu.