Amsa: Shin taƙaita makarantun cata yana kare kuɗin makarantun gwamnati?

Malama, kin tambaya ko hana makarantun cata yawaita a Amurka yana amfanar makarantun gwamnati. A ganina yana amfana ƙwarai.

Makarantar cata da kuɗin haraji take aiki, amma masu gudanar da ita ba hukumar ilimin gunduma ba ce. A jihar Masacusets, duk yaron da ya koma makarantar cata, kason kuɗinsa yana bin sa daga asusun gundumarsa. Sai dai ki duba aji mai yara 25 da uku suka fita. Malamar ajin tana nan, albashinta bai ragu ba. Dole a ɗumama ginin lokacin sanyi, motar makaranta mai ruwan ɗorawa kuma ta bi layukan da ta saba bi kowace safiya. Kuɗi ya tafi, hidima ta tsaya. Jihar tana mayar wa gundumomi wani ɓangare na ƴan shekaru, to amma an sha yin shekarun da majalisa ba ta cika kuɗin ba.

Shi ya sa dokar jihar ta sa iyaka ga abin da zai iya tafiya makarantun cata: kashi 9 cikin ɗari na kuɗin makarantun gunduma, 18 a gundumomin da suka fi koma baya a sakamakon jarrabawa. A ƙuri'ar raba gardama ta jihar a 2016 aka nemi a ba da damar buɗe sababbi ko faɗaɗa tsofaffi har 12 kowace shekara, kusan kashi 62 na masu zaɓe suka ƙi.

Abin da ke damuna shi ne iyayen Boston, babban birnin jihar, da ke jiran gurbi, don makarantun cata na birnin sun nuna sakamako mai kyau, kuma yawancin yaransu ƴaƴan talakawa ne.